Idanun da Gwaggo 'Yardada Ta Warware

Duk macen da ta tashi a Zaitawa cikin shekara arba'in ɗin nan ta goyi 'yar tsanar Gwaggo 'Yardada, sai dai in iyayenta baƙi ne. Ni ma na goya, har na fi kowa morewa, don a ɗakinta na girma. Yayar mahaifina ce. Aure uku ta yi Allah bai ba ta haihuwa ba, da ta dawo gida sai Baba ya ba ta ni riƙo ina 'yar shekara uku. Sunana Zuwaira, ina koyarwa a wata firamare a Gwale, 'ya'yana huɗu, amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai "ke yarinyar nan".

Gwaggo ba ta san zama ba. A tsaye take shan koko, tana shara tana lazimi, in ta je barka ko gaisuwa kafin a kawo mata ruwa ta fara laluben takalmi. In an yi mata magana sai ta ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, alhali ita babu masuncin da yake bin ta. Mijinta na biyu mutum ne mai son hira, an ce abin da ya raba su ke nan, shekara shida bai taɓa samun kai mata ƙarshen labari ba. Allura ce kaɗai take zaunar da ita, ita ma ɗin ƙafarta ta dama tana ta rawa a kan tabarma har ta gama.

Wajen mahaifiyarta ta koyi ɗinkin. Ranar Alhamis take ɗaukar buhu ta bi teloli tun daga Gwale har Ƙofar Ɗan Agundi tana kwasar ƙyallayen da suka faɗo daga bakin almakashi. In ta dawo ta zube su a tsakar gida, ta ware na jiki daban, na zani daban. Sai ta ɗinka gangar jiki da baƙin yadi, ta cusa audugar rimi da tsinke har ta yi tauri, ta dasa gashi da baƙin zare, sannan ta yi masa kitso na gaske, shuku ko kalaba. Zani, riga, ɗankwali, wata har da ɗan jariri a baya. Abu ɗaya ne ba ta yi, shi ne fuska. Sumul take barin wurin, haka ta tarar uwarta tana yi, in an tambaye ta kuma ta ce fuska ba aikinsu ba ce. Mu kuwa ko a jikinmu. Da su muke bikin 'yar tsana, mu dafa shinkafa tafi guda a gwangwani, mu ɗauki amarya daga wannan lungu mu kai wancan muna guɗa, babu wadda ta taɓa cewa amaryar ba ta da hanci.

'Yan tsanar roba ne suka zo suka ɓata zancen. Suka cika kasuwa, gashi kamar gemun masara, idanu shuɗaye, in an kwantar da su har lumshewa suke. Yara suka fara cewa na Gwaggo makafi ne. Ranar da wata 'yar ficiciyar yarinya ta dawo mata da guda har gida ta ce a sa mata ido, Gwaggo ta yini tana zagaye tsakar gida tana mita. Washegari ta ɗauki baƙin zare ta yi idanu biyu da gira, ta ja hanci da layi ɗaya, ta yi baki da jan zare. Ta kuwa iya. Kafin shekara ta zagayo tana yi wa wasu wushirya, wasu ta ja musu kwalli, wata ma ta fito da fuskar fushi sak ta matar maƙwabcinmu, muka sha dariya a ɓoye. Kasuwa ta dawo. Shekara goma sha biyar tana haka ba wanda ya ce mata kanzil, ni ma ban ce ba.

Rigimar ta fara ne a wani hutun Kirsimeti. Na kawo yarana su yini wajenta, na ba su wayata don su bar ni in huta. Suna kallon wani katun na Turawa irin wanda ake nunawa lokacin bikin nasu. Ɗaki ne cike da kayan wasa, da zarar yaran gidan sun fita sai kayan wasan su tashi ɗaya bayan ɗaya, su yi miƙa, su yi hamma, su kama surutu. Gwaggo ta zo wucewa da tsintsiya, ta leƙa.

"Waye ya tashe su?" ta tambaya.

"Da kansu suka tashi, Gwaggo," in ji babbar 'yata.

"Ƙaryar banza," ta ce, ta yi gaba. Amma ta dawo ta sake leƙawa har sau uku, na kuma lura a na ukun ba ta yi dariya ba.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, tana cusa auduga rediyo yana gefenta, wani malami ya kawo maganar masu yin surar abu mai rai, cewa ranar ƙiyama za a ce su rayar da abin da suka yi, ba kuwa za su iya ba. Gwaggo ta sha jin wannan magana, duk wanda ya tashi a cikin birni ya ji ta. Sai dai da can kunne ne kawai yake ji, yanzu kuwa ido ya ga yadda abin zai iya kasancewa. Da na zo da yamma na tarar ba ta ɗora girki ba, ta tura kwandon 'yan tsana ƙarƙashin gado ta lulluɓe shi da tsohon zani.

"Ke yarinyar nan, guda nawa kike ganin na yi wa ido?"

Na ce ban sani ba, sun dai fi dubu.

"Dubu," ta ce, ta je bakin ƙofa ta dawo. "Duk su jeru tun daga nan har bakin titi, kowacce ta zuba min idon da na yi mata, tana jira in busa mata rai. Da wane numfashin? Ni da ko wutar murhu ba na iya hurawa sai da mafici."

Na yi dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunyar kaina, domin tsoro ne na gaske a fuskar tsohuwa.

Da na ga abin ya kwana uku bai sake ta ba, sai na ja ta wajen Malam Ƙasimu, limamin masallacin lungunmu, mutum mai sanyin magana da ba ya yanke hukunci sai ya gyara zama. Ya saurare ta, ya ce maganar da ta ji gaskiya ce, amma malamai da yawa sun cire 'yan tsanar yara mata daga ciki, don ita kanta Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Na ji daɗi, na fara gyara mayafi. Sai gaskiyar Malam ta motsa, ya ƙara da cewa wasu malaman dai sun fi so a bar fuskar babu komai, don fita daga saɓani. Duk bayanin farko ya bi ta bayan kunnen Gwaggo, wannan guda ɗayan ta cafe.

"Malam, kabarin nawa kai za ka shiga ko ni?"

"Ke ce, Gwaggo."

"To," ta ce. Kafin ya sake buɗe baki tana soro tana neman takalminta.

Da na cikin kwando ta fara. Rabin reza ta samu, ta riƙa tsinke zaren idon tana zarewa da bakin allura, sai gira, sai hanci, sai baki, har fuskar ta koma sumul sai 'yan hudojin allura. Na ɗauka a nan za ta tsaya. Ashe share fage ta yi. Ta ƙulle rezar a haɓar zani, ta sayi ledar alewa, ta shiga unguwa gida-gida.

Wa zai hana tsohuwa da ta zo da maganar lahira? Iyaye mata suna jin bayani sai su ƙwace daga bayan yarinya su miƙa mata, wasu har da godiya. Yarinya ta fashe da kuka, Gwaggo ta cusa mata alewa a hannu, ta yi aikinta a tsaye cikin minti biyar, ta yi sallama. Kuka ya riƙa bin ta lungu-lungu, ta kai yara suna hango ta sai su ruga su ɓoye 'yan tsanarsu a cikin turmi ko bayan randa. Wata yarinya ta jefa tata a kan katanga, Gwaggo ta tsaya har aka kawo tsani. Ba ta mantuwa kuma. Ba da sunan yarinya take tuna su ba, da zani take tunawa. Sai ta ce, "Akwai mai koren leshi da na yi wa jikar masu goro," ta kuwa kama hanya. Har matan aure da suka ajiye nasu a ƙasan akwati don tunawa da yarinta ta bi su gidajen mazajensu.

Ni kam raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. A makaranta malamai mata suka fara tambayata cikin ladabin munafunci ko jikin Gwaggo lafiya. Na je na same ta na faɗa mata maganganu, na ce ta mayar da kanta abin nuni, na ce Malam ya ba ta mafita ta ƙi bi. Ta ce in fita idonta in rufe. Amma in na kalle ta sai fushin ya koma tausayi. Ta rame, wuyanta ya fito, ƙafafunta sun kumbura da yawo, abincin da na aiko da rana in tarar da shi da yamma ba a buɗe ba. Duk fuskar da ta warware sai ta ɗan yi ajiyar zuciya, can kuma ta tuna wata, ta zabura.

Gida ɗaya na ce mata ta tsallake, shi ne gidan Gali tela.

Gali yana da shago kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, shekara da shekaru yana tara wa Gwaggo ƙyallaye a leda, har yakan ware mata masu kyau. Matarsa Bahijja ta rasu da daminar shekarar, zazzaɓin kwana huɗu, ta bar 'ya ɗaya, Nana Hauwa, 'yar shekara biyar. Cikin azumin da ya gabata, tun tana da lafiyarta, Bahijja ta kawo wa Gwaggo guntun atamfarta ta Sallah mai ruwan goro ta ce a yi wa yarinyar 'yar tsana mai zani irin nata. Aka yi, yarinyar ta sa mata suna Azumi. Tun ranar da aka fita da uwar, Nana Hauwa ta daina yi wa mutane magana. A tambaye ta ta gyaɗa kai ko ta girgiza, shi ke nan. Amma Azumi tana shan hira daga safe har yamma, kuma ta nan mutanen gidan suke sanin abin da yake damunta. Kakarta, mahaifiyar Gali, takan laɓe ta ji tana cewa, "Azumi, yunwa kike ji ko? Ni ma," sai ta kawo abinci. In ta ji "Cikinki ne yake ciwo?" sai a nemi magani. Wata biyar haka suke zaune.

Duk wannan na faɗa wa Gwaggo dalla-dalla. Mako biyu ta daure. Na san daurewa take don ranar Alhamis ta daina bin layin Gali, ta riƙa zagayawa ta baya. Amma duk hirar da aka fara sai ta kawo ta kan atamfar nan mai ruwan goro, ta ce saura ita a wannan ɓangaren, ta ce ai guda ɗaya ma tambaya ce. Wata ranar Litinin ina aji, yarinyar tana makarantar allo inda ba a barin ta ta shiga da Azumi, Gwaggo ta je. Kakar tsohuwa ce irinta, da ta ji maganar ƙiyama jikinta ya yi sanyi, ta ɗauko Azumi ta miƙa, Gwaggo ta warware fuskar. Kakar ta ce a ranta ai zanin yana nan, kitson yana nan, yarinya ba za ta damu ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina gidan Gwaggo sai Gali ya yi sallama. Ya ƙi shigowa, a soro ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ya tambayi gida, kamar ba abin da ya kawo shi. Sannan ya ce:

"Gwaggo, yarinyar nan yau kwana uku ba mu ji muryarta ba. Da ta dawo ta ɗauka ta kalla, sai ta kife ta a ƙarƙashin gado, ta koma gefe ta zauna. Ko kuka ba ta yi ba. Abinci sai an ɗura mata. Jiya jikinta da zafi, mun rasa inda yake mata ciwo."

Gwaggo tana tsaye riƙe da ƙyauren ƙofa.

"Na gwada da kaina," ya ce. "Ni ma ɗin tela ne. Na yi mata ido, ta ture, na warware. Na sayo ta roba, ko kallo ba ta ishe ta ba. Na san abin da kike gudu, Gwaggo, wallahi na sani, ban kuma zo in ce ki yi ba. Na zo ne dai ki sani."

Ya miƙe, ya ajiye mata ledar ƙyallayen makon a bakin ƙofa, ya tafi. Da zaginta ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar na manta cewa ita ta raine ni. Na ce mata garin neman gira ta rasa ido, ta gudu daga tambayar da malamai ma suka yi saɓani a kanta ta faɗa cikin hakkin marainiya, wanda babu saɓani a kansa. Na ce ita da ba ta san zafin haihuwa ba, sai kuma na kama bakina, amma maganar ta riga ta fita. Tsintsiya ta ɗauka ta share tsakar gidan da ta share ɗazu, ta kai ƙarshe ta sake farowa. Na tafi gida zuciyata tana cina, ita kuma na bar ta tana shara.

Juma'a ban je ba, kunya ta hana ni. Asabar da hantsi ina wanki sai ga ta a tsakar gidana, mayafi a karkace, gwangwanin allurarta a hannu.

"Ke yarinyar nan, taso ki raka ni."

Na ce ta zauna in sa kaya. Ba ta zauna ba. Na ce mu tsayar da adaidaita sahu, ta ce kafin ya zo mun kai. Haka muka taka, tana gaba da kumburarrun ƙafafu ina bin ta ina haki.

Mun tarar da Nana Hauwa a kan tabarma gindin randa, ta haɗa kai da gwiwa. Yarinya ce 'yar siririya mai manyan idanu, leɓenta ya bushe. Kakar tana ganinmu ta fara ba da haƙuri kamar ita kaɗai ta yi laifin. Aka aika shago aka kira Gali, ya rusuna ya zaro Azumi daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe ta ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu.

Gwaggo ta zauna, ta gyara tabarau, ta zura zare. Duk ɗinkin da ta taɓa yi a gabana da bisimilla take farawa. Na ga leɓenta ya motsa ya tsaya, ta rasa yadda za ta ambaci sunan Allah a kan abin da take ganin saɓo ne. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Astagfirullah," ta soka allura. Aikin ya fito tsaf, idanu biyu daidai wa daida, gira kamar an ja da alƙalami, ɗan baki mai murmushi. Ta miƙa. Yarinyar ta ɗago, ta kalla, ta mayar da kanta kan gwiwa.

"Girar ce ta yi kauri," in ji Gwaggo. Ta warware ta sake. Yarinyar ta kalla, ta sa bayan hannu ta ture.

Ta yi na uku, ta ƙara wa idon girma. Wannan ko ɗagowa yarinyar ba ta yi sosai ba. Gwaggo ta miƙe, ta je bakin ƙofa, ta dawo, ta zagaya randa, ta sake zama. Zufa ta jiƙe mata ɗankwali. Gali ya karɓi 'yar tsanar ya ɗaga ta a rana, ya ce a hankali yadin fuskar ya gaji da huda, in aka ƙara fiye da sau ɗaya zai yage.

Sai kakar ta ce, "Ni fa, Yaya, kada ki ji haushi, waccan ba haka take da kyau ba. Idonta ɗaya ya fi ɗaya hawa, bakin kuma ya ja gefe, kamar wadda aka ba wa magani mai ɗaci."

"Ni ce na yi karkataccen ido?" in ji Gwaggo. Duk da halin da ake ciki sai da ta harare ta. "Shekara goma sha biyar ina yi."

Nan na tuna. Tabaran da ke fuskarta ni na kai ta aka yanka mata bayan Babbar Sallah, da na gaji da ganin tana zuba gishiri a koko. Cikin azumi, lokacin da ta yi Azumi, da lalube take ɗinki, ba ta kuma yarda ta gaya wa kowa ba. Na faɗa mata. Ta kalli 'yar tsanar, sannan ta zare tabaran ta miƙo mini.

"Zura min zaren," ta ce.

Na zura. Ta kawo fuskar 'yar tsanar dab da hancinta, ta ƙanƙance ido, ta riƙa laluben wurin da babban yatsa tana soka allura. Sau biyu ta soki kanta, ta tsotse jinin ta ci gaba. Ba wanda ya yi motsi a gidan, in ban da ƙafarta da take ta rawa. Da ta gama ta ciji zaren, na leƙa. Aikin da ko ɗaliba ce ta kawo mini sai na ce ta sake, idon hagu ya haye sama, na dama ya ɗan lumshe, bakin ya ja gefe. Ta ajiye ta a kan tabarma kusa da ƙafar yarinyar, ba ta miƙa mata a hannu ba.

Nana Hauwa ta leƙo ta saman gwiwa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa hannu ta ɗauka, ta gyara mata ɗankwali, ta kawo ta kusa da fuskarta. Muryar ta dushe da rashin amfani, da ƙyar muka ji.

"Azumi, ina kika je? Na yi ta nemanki."

Ta ɗan saurara kamar ana ba ta amsa, ta gyaɗa kai.

"Ba ki ci abinci ba ko? Ni ma."

Kakar ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba ta nufi madafi. Gali ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna motsi. Ni kuwa hawaye ya hana ni ganin komai, kafin in goge Gwaggo ta tattara gwangwaninta ta kai soro. Ba ta tsaya an yi mata godiya ba.

A hanya na ba ta tabaranta, na kuma ba ta haƙurin maganar da na yi ranar Alhamis. Ta ce wace magana, ita ba ta ji komai ba. Na ce to yanzu ai hankalinta ya kwanta, ta ga da idonta alheri ta yi, maganar Malam Ƙasimu ta fito. Ta tsaya cak a tsakiyar lungu har wani mai babur ya yi mana hon.

"Ke yarinyar nan, kada ki ɗauka na canza ra'ayi. Waɗancan cikin rashin sani na yi su, na kuma bi na warware iya waɗanda na samu. Wannan da sanina na yi, ina ji ina gani. In an tambaye ni ba ni da abin cewa."

Na ce Allah Mai rahama ne, Ya ga dalilinta.

"Na sani," ta ce. "Amma dai in na riga ki, ki riƙa nema min gafara a kanta. Ki riƙa faɗin sunanta, kada ki haɗa ta cikin jimla."

Na ce to. Ta ce in ce wallahi, na ce.

Bayan nan ta ci gaba da ɗinki, fuska sumul irin ta uwarta, masu saye suka ragu ba ta damu ba. Yawon reza ta daina, ban san ko don ta gama ba ne ko don ƙafa ta ƙi. Tsoron dai bai bar ta ba, wani lokaci tana cikin cusa auduga sai in ga ta tsaya tana kallon ƙofa. Kowace Alhamis in ta je karɓar ƙyalle takan tambayi Gali ko yarinyar tana magana, ya ce ta fara yi wa kakarta, daga baya ya ce har ta fara rashin kunya, Gwaggo ta ce madalla. Gidan kuwa ba ta sake shiga ba. Shekara biyu bayan nan ta rasu, ranar wata Laraba, jinyar kwana biyu, tana ta faɗan a bar ta ta tashi.

Ni har gobe maganar Malam Ƙasimu na yarda da ita, ban ga laifin da Gwaggo ta yi ba a ranar nan. Amma na ce wallahi. Duk sallar da na idar nakan roƙa mata gafara, sannan in ware wannan daban kamar yadda ta ce. Kwanaki maigidana ya ji ni, ya jira na shafa, ya tambaye ni wace ce Azumi. Na ce wata ce ta wajen Gwaggo.